Gorar da Kawu Ya Hango Daga Ƙetare

Jiya a Birnin Kebbi na ga wani mai albasar Augie sanye da rigar bikin waƙoƙinmu, sai Kawu ya faɗo mini a rai. A da shi ke rubuta allunan shaguna a Argungu. Ko a makara za ka ji shi yana warin fenti da kananzir, in ji ni.

Shekarar da aka ba ni zanen tambarin bikin, kwamiti ya ce in bai yi kyau ba za a kai aikin birni. Na tsorata, na cusa kifi, shinkafa, homar kamun kifi, alƙalami da gora a ƙyalle guda. Saura kaɗan in zana surukata.

Kawu ba ya duba zane a kusa. Ya sa ni a jirgi na ƙetare gulbi, na ɗaga ƙyallen, shi yana tsaye a gaɓa.

"Kawu, mi kaka gani?"

"Miya ta zube, ɗana! Rage!"

Haka na yi ta kai da komo ina shafewa, har masunta suka fara yi mini sannu da aiki. Da ya rage gorar masunta kawai, alƙalami tsome a bakinta kamar kurtun tawada, sai ya jefa hularsa sama.

"Wanga ko makaho ya gane shi!"

Kwamiti ya karɓa da tafi. Ranar bikin har daga Gulma aka zo ana tambayar ina gorar mawaƙa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, hasken da za a hango daga ƙetare.