Gaisuwar da ta buɗe mana shagon sari

Muna idar da sallar asuba muka fito daga flat ɗina a unguwar Whalley Range ta Manchester, ni da maƙwabciyata 'yar Kumasi, a tsohuwar motarta mai tari kafin ta tashi. Birmingham muka nufa. Wata uku ke nan masu karanta shafina na intanet, inda nake rubutu kan rayuwar Indiyawa, suna roƙon in nuna musu yadda ake ɗaura sari. Na yi alkawari har sau biyu. Wata ma ta rubuto cewa duk a fim nake kwaso labarina, kuma wallahi maganar ta yi mini ciwo.

Babbar hanyar M6 fetal take, sai yayyafi. A services, wurin hutawar matafiya, muka tarar da shayi kusan fam biyu, ruwa-ruwa, maƙwabciyata ta ce ko mai jinya ba za ta ba wa ba.

Soho Road kuwa, titin shagunan Indiyawa a Birmingham, sai wanda ya gani. Ƙamshin kori, gwala-gwalai a gilashi, ga jalebi, irin alkakinsu, ana soyawa, wani zaƙi da sai da haƙorana suka amsa. Amma ana ganin kyamara sai fuska ta canza. Shago huɗu suka sallame mu. A na biyar na zaro takardar shaidar jami'armu ina ta zuba Turanci, mai shagon ya saurara tsaf, ya ce sorry, ba sa yi.

Mun juya ke nan na hango wata tsohuwa can ƙurya tana ninke yadi. Ban ma yi tunani ba na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Maƙwabciyata ma ta zube. Tsohuwar ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ɗora hannu a kaina, ta yi wa mai shagon, wanda ashe ɗanta ne, wata magana da harshen Punjabi. Yana sosa ƙeya ya fassara mana:

"Ta ce jikokinta a tsaye suke ce mata hi. Ta ce ki kunna abin naki."

Da hannunta ta naɗa wa maƙwabciyata wani sari kore mai bakin gwal a kan rigarta, tana yi tana warwarewa don in ɗauka da kyau. Da na karkace kyamara har duka ta kai mini a hannu. Sai da muka ci roti, gurasarsu, da wake kafin ta bar mu muka tafi.

Kafin magariba muna Manchester. Bidiyon minti shida ne, yana rawa, amma ban taɓa alfahari da wani aiki nawa kamarsa ba. Na ɗauki takarda da Turanci na tafi neman al'adar mutane, ashe tarbiyyar gidanmu ce za ta shigar da ni. Wadda ta ce a fim nake kwasowa, ita na fara tura wa.