Ganye Ɗaya daga Kambin Ornella

A tashar jirgin ƙasa ta Padova wata mata mai furfura tana tsaye, kanta da kambin ganyen da muke ɗora wa wanda ya gama digiri a ƙasar nan, ranar da ake fara kiransa Dakta. Hannayenta masu kaushi, irin na mai aikatau a gidajen mutane, suna rungume da jan kundi. Na leƙa bangonsa: haƙƙin fursunoni, fannin da na daɗe ina koyarwa a kan kwantiragin da ke ƙarewa kowace shekara.

"Ornella, zauna mana," in ji dattijon da ke riƙe mata jaka.

"Dakta za ka ce, tsoho. Yau ko taliya ba zan dafa maka ba."

Dariyarta tana cika tashar, ni kuwa tana cina a rai. Rabon da ilimin nan ya sa ni dariya har na manta.

Ta kama ni ina kallonta, sai ta tsinko ganye ɗaya, yadda ake ba ɗalibin da bai gama ba don ya yi sa'a.

"Ungo, 'yata. Naki ma yana tafe."

Nawa kambin ya daɗe da bushewa a bayan ƙofa. Da hannu biyu na karɓa.