Dattijo Mai Tono a Gindin Dutse

A gindin dutsen Filinge, inda Nasara suka sa ana fasa duwatsun ginin bariki, wani dattijo yana durƙushe. Ban san shi ba. Dogo ne, gammonsa ya yage, kafaɗarsa ta saɓule da ɗaukar kaya. Yana tono da yatsu a hankali, kamar mai cire wa yaro ƙaya. Da ganinsa ka san ya yi renon jikoki.

Abin da yake tonowa farin furen nan ne da ba ya fitowa ko'ina sai a inuwar wannan dutse. Aminina Albarka, Allah ya jiƙansa, shi ya nuna mini shi. Da yana da yawa, yau saura gindi ɗaya. Albarka ya sha dasa shi a gida, bai taɓa kamawa ba.

Na ce, "Baba, bar shi nan! Ba shi rayuwa wani wuri."

Ya ce, "Ɗana, gobe nan za mu fasa. Ina za ni barin shi?"

Ya sa furen cikin hularsa, ya juye masa ragowar ruwan gorarsa, mai gadin ma'aikata yana ta yi masa tsawa. Takaici ya cika ni, ga shi babu Albarka balle in kai masa kuka.