Hoton Baba a kwandon shara

Shekarar da sojoji suka riƙe mulki suna shirya zaɓe, ina aikin buga takardu a buro, wato ofishin wata ƙungiyar manoma a Gazawa. Kwamfuta ɗaya gare mu, kuma fuskarta ta cika maƙil da takardu kamar tabarmar mai koli. Kafin in gano abu guda sai raina ya ɓaci.

Shef ɗinmu, wato shugaban buron, mutum ne mai tsoro. Tun da aka fara maganar zaɓe ya kafa doka: wanda aka samu da abin da ba na aiki ba a cikin injin, ko hoto ko waƙa, ya bar buro. Yana gudun a ce muna yi wa wata jam'iyya aiki.

Ni kuwa ina da hoton Baba. Shi kaɗai ne hoton da aka taɓa ɗaukar shi, yana tsaye bakin rumbunsa a Cadakori, kafin ya rasu da damina. Wayar da aka ɗauka da ita ta lalace tuni, wanda na juye a cikin injin kaɗai ya rage. Na yi wa Inna alkawari zan kai a wanke mata shi a Maradi. Sai na yi dabarar da kowa ke yi a buron: na jefa shi kwandon shara na kwamfutar, tunda shef ba ya leƙawa can. In kewa ta kama ni, in fito da shi in duba, in mayar.

Wata safiya shef ya zo da wani gwanin kwamfuta daga Maradi. Ya cusa kile ɗinsa, ɗan abin nan na adana bayanai, ya sa wata manhaja da ta raba fuskar injin gida-gida: nan na taki, nan na iri, nan wasiƙu. Ya manna agogo da kalanda a gefe. Wallahi ya burge ni, har na ce masa Allah ya yi albarka.

«Saura mai shara, Madam,» in ji shi. «Na sa ta. Duk lokacin da aka kunna injin, ita da kanta za ta kwashe kwandon tas.»

Shef yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. In na yi magana aikina ne, in na yi shiru Baba ne. Hannun mutumin ya nufi wurin sake kunnawa.

«Tsaya, Malam!» Ban san da ƙarfi na faɗa ba. «Akwai abina a ciki.»

«Wane abu?» in ji shef.

«Hoton mahaifina ne, ranka ya daɗe. Ka kore ni in ka ga dama, amma a bari in fitar da shi.»

Ya dube ni, ya dubi ƙofa, sannan ya ce a hankali: «Fitar da shi, maza.»

Na kama linzamin kwamfutar. Na buɗe kwandon, ga sunan hoton ina gani. Sai ɗif, aka ɗauke wuta.

Na ce kar kowa ya taɓa, ko an kawo wuta. Gwanin ya sosa ƙeya, ya ce ai ba a cire mai sharar sai an kunna injin, kuma da an kunna ta riga shi. Na zazzaga masa masifa, Allah ya sani, har mai gadi ya leƙo. Wa ya aike ka? Wa ya ce maka shararmu ta dame mu?

Da la'asar wuta ta dawo. Ya kunna, yana danne-danne da sauri ko zai tare ta. Ina kallo wata 'yar tsintsiya ta gilma a kusurwa, kwandon ya koma fari. Ya yi ta nema har magariba, bai samu ba.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Cadakori. Inna tana bakin zaure, ta ga jakata, ta goge hannuwanta biyu a zane, ta miƙo su, tana jiran hoton.