Eusebio Chiroque da Aikin da Ba Ya Cin Ko Yini Guda

An haifi Eusebio Chiroque Yarlequé a shekarar 1961 a Santa Rufina, wani ƙauyen rairayi a arewacin Peru. Mahaifinsa Baltazar makiyayin awaki ne, mahaifiyarsa Genoveva kuwa dakon ruwa take yi a kan jaki.

Karatu da Aure

Ya kammala karatun injiniya a birnin Piura a 1987, bayan shekara biyu ya auri Otilia Sernaqué.

Aiki

A 1998 wata hukuma ta ɗauke shi ya tsara jadawalin jawo ruwan famfo zuwa ƙauyensu. Ya zuba ayyukan duka a manhajar kwamfuta, ya ɗaure kowanne da wanda ya gabace shi: ba a shimfiɗa bututu sai an haƙa rami, ba a haƙa rami sai an auna ƙasa, ba a auna ƙasa sai shugaban hukuma ya sa hannu. A ƙa'idar manhajar, sa hannu ba ya cin ko yini guda, saboda haka sifili aka rubuta a gabansa. A kan wannan sifilin komai ya rataya.

Shugabanni suka yi ta sauyawa, kowa ya zo sai ya ɗage ranar. Eusebio ya matsar da layi ɗaya, sauran su bi shi kamar awakin ubansa. Duk ƙarshen shekara yakan je gida da sabuwar ranar kammalawa, kuma abin takaicin, shi har zuciyarsa ya yarda da ita. Mutanen gari suka laƙaba masa Injiniya Baɗi. Mahaifiyarsa ta taɓa ce masa a bainar jama'a, "Kai Chebo, ruwan naka na cikin kwamfuta, in na kawo tulu za ka ɗan ɗibar mini?" Ta rasu a 2009 ba ta ga famfo ba.

Ƙarshen Aiki

A 2017 sabon shugaba ya umarce shi ya tsinke igiyar da ta ɗaure ayyukan da sa hannun, domin jadawali ya nuna an fara. Ya tsinke. Aka yi biki, aka ba shi lambar yabo, aka sallame shi, ba a haƙa ko taku ɗaya ba. Kunya ta hana shi sake taka ƙauyen.

Rasuwa

Ya rasu a Piura ranar 3 ga Mayu 2022, aka binne shi a Santa Rufina kusa da mahaifiyarsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Maribel, ma'aikaciyar jinya a Lima, Noemí, malamar firamare, da Wilmer, direban tankar da ke sayar wa Santa Rufina ruwa.