Takardun Kifin Inna Rahama

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Madarumfa ya san ƙamshin kaskon Inna Rahama kafin ya san fuskarta, Allah ya jiƙanta. Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana suyar kifi a gindin bishiyar bedin tashar. Haihuwar wani ƙauye ce a ƙasar Gabi, aure ya kawo ta bakin tabki. Mijinta Ɗan Baba masunci ne, da ya rasu sai ta ci gaba da sarar kifi wurin abokan sana'arsa. Ɗanta guda ya tafi cirani Nijeriya, ya bar mata jika, Aminatu, daga nan labarinsa ya yanke. Ita kam ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba.

Ni malamin lissafi ne a lise, wato babbar sakandare, kuma an ce ina da saurin fushi. Ba a yi mini ƙarya ba.

Aminatu a ajina take. Kai, yarinyar nan kanta yana ja! Kafin in gama rubuta tambaya a allo ta ajiye bik ɗin rubutunta tana kallon taga. Littafin aji ta cinye shi tun kafin hutun farko, ba mu kuwa da wani abin da za mu ƙara mata. Ga shi a shekarar za a yi gasar lissafi a Maraɗi, a ɗebi ukun farko a kai su Yamai a ci gaba da horar da su. Tun ranar da Inna Rahama ta ji haka ta ƙwallafa rai. Wanda ya zo sayen kifi sai ya sha labari: "Jikata za ta Yamai, in Allah ya yarda."

Sai yarinya ta fara zuwa mini da waɗansu takardu, tambayoyi masu taurin tsiya, irin na masu gasa.

"Ina kike samo waɗannan?"

"Kaka ce ke ba ni, Mushe." Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu.

Ashe Inna na sayo tsofaffin takardu ɗauri-ɗauri daga kasuwar Maraɗi don naɗe kifi. Cikin wani ɗauri ta tarar da ƙaton littafi marar bango. Da ta buɗe sai ta ga zane irin wanda jikarta ke yi da tsinke a tsakar gida, da'ira da mai kusurwa uku. Ta zauna ta tsince shi shafi-shafi, yadda ake tsintar wake. Mai zane ta adana wa Aminatu cikin kwalla. Wanda yake rubutu zalla, baƙi ƙirin, ta tara gefen kasko.

Akwai wata tambaya, lamba arba'in da bakwai, da ta hana yarinyar sakat har mako uku. Kullum ta kawo mini sai in ce, "Ki ƙara tunani." Gaskiyar magana ni ma ta gagare ni, girman kai ne ya hana ni faɗi.

Ran wata Juma'a bayan masallaci na sayi kifi karfasa biyu wurin Inna. Ina warware takardar a gida, idona ya faɗa kan lambar nan. Ga hanyar warwarewa daki-daki, mai ya jiƙe rabinta. Ko takalmi ban sa daidai ba na koma tasha.

"Inna! Kin san abin da kike yi kuwa? Amsoshin ne kike naɗe wa mutane kifi da su!"

Ta tsaya da matsami a hannu. "Mushe, ai babu zane jikinsu. Na ɗauka surutu ne."

"Surutu? Kin ba yarinya ƙofa, kin zubar da mabuɗi! Wallahi jahilci ciwo ne."

Gaban direbobi na faɗi haka, gaban mata masu jiran mota. Tsohuwar da a shekaru ta isa ta haife ni, ta haifi yayana. Ta juya kifinta da ya fara ƙonewa. Har gobe ina jin kunyar wannan magana, don na san ba ita nake jin haushi ba, kaina ne.

Washegari ba ta hura wuta ba. Kwana huɗu tana bin gidajen masu sayen kifinta, da gwiwarta mai ciwo, tana sallama tana tambaya ko takardar tana nan. Waɗansu suka yi dariya. Wata ta ce ta hura murhu da ita, wani ya ce akuya ta riga ta. Har juji ta tona da kara a bayan tasha. Cikin shafi sittin da wani abu, goma sha huɗu ta samo. Ta shanya su, ta danne ƙarƙashin tabarma suka miƙe, sannan ta kawo su har ƙofar ajina, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Na rasa inda zan sa fuskata.

Da su muka yi aiki, ni da Aminatu, har ranar gasa. Sai an ɗaga shafi sama an hango haske kafin a karanta, saboda mai.

Tambaya biyar aka yi musu a Maraɗi. Aminatu ta warware huɗu tas. Ta biyar 'yar'uwar waɗanda ke babin ƙarshe na littafin ce, babin da ko shafi ɗaya na amsarsa bai dawo ba. Dabara guda ce tak, wanda ya taɓa ganinta sau ɗaya ba zai manta ba. Ita ba ta taɓa gani ba. Tana gab da gano ta da kanta aka ce a ajiye bik. Ta zo ta huɗu.

Kwana biyu ina kewaye tasha ta bayan kasuwa. A na uku na daure na je. Inna ta share mini benci da gefen zanenta, ta zauna kusa da ni.

"Mushe, tambayarka zan yi, don Allah kada ka ɓoye mini. Wadda ta kayar da ita, tana cikin waɗanda na naɗe kifi da su?"

Na dubi kaskon. Na ce, "A'a, Inna. Wannan daban ce. Rabo ne kawai bai yi ba."

Ta jinjina kai a hankali.

"Haka ita ma ta ce mini," in ji ta. "To mi ya sa daga kai har ita babu wanda ya dube ni cikin ido?"