Awa Ukun da Na Ɓata wa Malam Sale

Cikin duk shekaruna na aikin jinya, akwai wata safiyar Litinin da ta ƙi fita daga raina. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ce, ina ƙaramin nas a wani asibitin kuɗi a Nasarawa GRA. Wani Alhaji ya kawo mai gadinsa, Malam Sale, mutumin Jigawa, yana tafiya a duƙe, ya tattare babbar riga a gabansa.

Ƙa'idarmu ita ce nas ya fara jin bayanin majiyyaci kafin likita ya gan shi. Ni kuwa da rawar kai, na ja wa Alhaji kujera, na hau tambaya a gabansa.

"Malam, me ke damunka?"

"Mara ce," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Na rubuta ciwon mara, na sa shi a layi, Alhaji ya wuce ofis. Sai bayan awa uku, na zo wucewa, Malam Sale ya riƙo hannuna.

"Ɗan'uwa, ka rufa min asiri. Gabana ne ya miƙe tun la'asar ɗin jiya, ya ƙi kwanciya."

Ashe maganin maza ya saya a tasha, don iyalinsa ta zo daga ƙauye.

Nan take na ruga kiran likita. A cikin azzakari akwai nama biyu masu kama da soso. Jini ke cika su, sannan ya koma. In ya maƙale ya wuce awa huɗu, naman kan fara lalacewa, mutum na iya rasa mazakutarsa har abada.

Likita ya yi masa allurar kashe zafi, ya zuƙe jinin da sirinji, baƙi ƙirin, har abin ya kwanta. Da muka fito likitan ya tsare ni.

"A gaban maigidansa ka tambaye shi?"

"E, yallaɓai."

"Da kai ne, za ka iya faɗa?"



Bayan wata biyu Malam Sale ya dawo, ya ce ƙarfin ya dawo amma ba kamar da ba. Ko jinkirinsa ne ya jawo, ko nawa, Allah kaɗai ya sani.

Ku da kuke tasowa, ku sani mutanenmu sun fi jure ciwo a kan jin kunya. Ku fitar da kowa, ku rufe ƙofa, sannan ku tambaya. Ranar Litinin ɗin nan Malam Sale ya yi ta sa min albarka, wai ni na cece shi. Ban iya kallon idonsa ba.